Ƙusoshin Baba

Ranar ashirin ga Disamba
na sauko da kwalin daga saman kwaba.
Fitilun sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana.
Haka Baba ya cusa su bara,
yana cewa baɗi zai warware.

Baɗin ta zo.
Ni ce a bakin baranda ina warwarewa.

Na je aron tsani wurin Malam Ɗanliti mai walda,
sai ga shi ya biyo ni da shi a kafaɗa.
"Nanret, ƙasar Tudun Wada dutse ce,
tsani ba ya samun wurin zama.
Hau, ina riƙe."

Sanyin Jos ya kama yatsuna tun a mataki na huɗu.
Daga can ina hango Dogon Ƙarfe,
motoci sun jeru, awakin biki a bayan a-kori-kura.

A bakin kwanon rufi na tarar da ƙusoshinsa,
goma sha bakwai, duk sun yi tsatsa,
kowace a lanƙwashe kamar yatsa mai kira.
Tsakaninsu miƙa hannu ɗaya ne, nasa.
Ni sai na sauka, a matsar da tsani, in sake hawa.

Mama tana ƙasa cikin suwaita biyu,
garin cincin har gwiwar hannu.
"Ba haka yake yi ba.
Ja ake farawa da shi, daga tagar kicin."
Na cire. Na sake.
Ban ce mata komai ba,
ƙusa na riƙe da haƙora.

Muka jona. Shiru.
Malam Ɗanliti ya ce irin wannan wayar,
ƙwai ɗaya ya mutu, sauran duk su yi zaman makoki.
Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsun da wuta ta sha ƙonawa,
yana murzawa, yana ƙirge a ransa.
Na arba'in da uku ne.
Ya zare shi, ya haɗa wayar da bakinta,
ya naɗe da baƙin salatif.

Kafin mu sake jonawa aka ɗauke wuta.

Mama ce ta fara dariya,
irin wadda ban ji ba tun watan Yuni.
Ya tafi sallar magariba, ya dawo,
muka zauna a duhu muna cin cincin mai zafi.

Wajen tara yaran layi suka kwashe da ihu.
Rufinmu ya farka:
ja, kore, ruwan ɗorawa, ja,
sai wani ɗan gurbi daidai saman ƙofa
inda babu komai.

Malam ya ce gobe zai duba Taminus, ba a rasa ƙwai.
Mama ta daɗe tana kallon wurin.
Ta ce, "Bar shi haka,"
ta miƙa masa sauran cincin a leda
ya kai wa yara.