Mai Fito a Lewiston

Sau huɗu na haye kogin a daren nan.
A dawowa ta ƙarshe jini ya kai idon sawu a cikin jirgin,
ga wani yaro ɗan Batavia kwance a ƙafafuna
yana kiran uwarsa da sunanta na yanka.

Ban san doka ba. Ni da ruwa muka san juna.
Niagara ba ya son a yanke shi kai tsaye,
sai ka ba shi kafaɗa, ya ja ka ƙasa kaɗan,
sannan ya sallame ka.

Da hantsi na ɗaure igiya a gaɓarmu,
na ce, wa zai shiga?
Mutum ya fi dubu a gonar tuffa,
bindiga a hannu, ƙafa a laka,
ko ɗaya bai motsa ba.

Zenas Tillotson, mai ƙera gangunan katako,
ya zaro takarda daga cikin hularsa,
ta sha gumi har ta yi laushi kamar ganyen miya.
Ya karanta, bai ɗaga murya ba:
Abu uku tsarin mulki ya ce a kira mu dominsu.
In an taka doka. In an yi tawaye. In baƙo ya shigo da yaƙi.
Ya nuna ƙetare da haɓa.
Wancan tudun Kanada ne, in ji shi.
Wa ya shigo wa wa?

Wani hafsa a kan doki, muryarsa ta dushe tun asuba,
ya ce korar ɓarawo ba ta tsayawa a bakin ƙofa,
ya ce 'yan'uwanku ne a can,
kuna jin ƙarar da kunnenku.

Muna ji kuwa.

Zenas ya ce, yau kogi, gobe teku.
In na haye wannan, wanne zan ce ba zan haye ba?
Ubana ya bar yatsu uku a ƙanƙara
don kada wani ya sake jan mu da igiya a hanci
zuwa inda ya ga dama.
Ni manomi aka ara, ba sojan haya aka saya ba.

Ban gaya masa ba,
a sawu na biyu na kai ƙanensa Elihu.
Ya zauna a goshin jirgi yana cin tuffa ɗanye,
da zai sauka ya ce mini,
Yaya zai biyo, ka ajiye masa wurina.

La'asar na yi jajayen riguna suka rufe tudun.
Na ga mutane suna gangarowa daga kan dutse
kama-kama da saiwoyi,
suna ɗaga hannu suna kiran jirgi.
Jirgina suke kira.
Ban kwance igiyar ba.
Ni ba ni da takarda a hula.
Gwiwata ce kawai ta ƙi.

Shekara talatin ke nan, gardamar ba ta mutu ba.
Lauya ya zo daga Albany ya ce Zenas ke da gaskiya,
wani ya biyo bayansa, mai gemu, ya ce ragwanci ne ya sa rigar doka.
Kowannensu ya ci kifinmu, ya biya, ya tafi.
Matar Elihu ta auri mai injin niƙa,
ba ta taɓa sayen ganga a hannun mijin yayarta ba,
balle a hannun Zenas.

Shi kuwa duk Oktoba sai ya zo,
ya ƙirga mini kuɗin fito cif,
ya shiga ya zauna a tsakiya, ba a goshi ba.
Takardar tana nan, ta rabu gida huɗu.
Nakan kama igiya in dube shi.
Yakan ce, dakata tukuna, Asahel.

Sai in dakata.
Ruwa yana bugun katako,
har sanyi ya kore mu gida.