Sakin Layi na Goma Sha Huɗu

Ran Laraba nake buɗe ƙofa,
a saman gidan burodi, bisa tudun Valparaíso,
inda iskar teku ke cin fenti
kamar yadda haya ke cin albashi.
A da sarewa nake busawa,
har yatsuna biyu suka yi mini yaji,
na koma karatun shari'a da dare.
Yanzu bakin da ya saba da sarewa
ƙananan haruffa yake karanta wa makaɗa.

Nibaldo Araya ya hau matakala arba'in da ɗaya,
yana hutawa a kowace goma.
Shekara hamsin yana waƙa a bakin tashar jiragen ruwa,
matuƙa sun yi kuka da muryarsa, sun biya da tsaba.
Ya ajiye jita a kan kujera, shi ya tsaya,
ya ce: Eliana, jiya a cikin bas
na ji ni ina rera waƙar da ban taɓa rerawa ba.
Muryata ce, har da ɗan kaushin nan,
amma babu inda take jan numfashi.

Na ce kawo takardar.
Shafi tara, ninki huɗu, da tabon kofi.
Ya sa hannu a wata ranar da babu gas a gida.
Can ƙasa, sakin layi na goma sha huɗu
yana kwance kamar ƙaya a cikin kifi:
har abada, a duk faɗin duniya,
ta kowace hanya da aka sani
da wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna.
Da wannan layi suka ciyar da na'ura muryarsa,
ta ƙoshi, ta koyi kwaikwayo.

An saurare shi sau dubu arba'in a waya, in ji lissafi,
kuɗin bai sayi tsirkiya shida ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban yi masa alkawari ba.
Doka tsohuwa ce mai sanda,
fasaha kuwa yaro ne a kan babur.
Na dai kira Maite, mai ganga, 'yar shekara ashirin,
ta zauna da shi har fitilun tudu suka kunnu,
suna yi wa waƙoƙinsa rajista ɗaya bayan ɗaya.
Yana tuno baiti, tana bugawa.
Sau biyu ya manta kalmar sirri,
sai ta sa masa sunan karensa.

Da aka ba mu minti uku a gaban kwamitin majalisa,
ni na shirya shafi biyar.
Nibaldo ya dafa hannuna, ya miƙe.
Ya kunna waya, na'urar ta rera, sumul kamar gilashi.
Ya kashe. Ya rera da bakinsa,
tari ya tsinka masa baiti a tsakiya.
Ya ce: ranku ya daɗe, a cikin mu biyun nan
wa mai gida zai ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarshen wata?
Wata 'yar majalisa ta daina duba agogo.
Iyakar abin da na gani ke nan.

Ƙudurin yana nan a aljihun tebur.
Kamfani ya amsa wasiƙata da wata wasiƙa.
Tsugune ba ta ƙare ba.

Amma Larabar da ta biyo
na tarar da mutum bakwai a matakala,
mai goge, mai ƙaho, tagwaye masu jita,
kowa da takarda ba a sa mata hannu ba tukuna.
Nibaldo na zaune a mataki na goma yana haki,
yana ce musu: ku fara daga ƙasa,
can kasan ne macijin yake.

Ladana ya bar mini a bakin ƙofa:
kifi biyu a cikin jarida.
Na ɗauki jan biro.
Na ce na farko ya shigo.