Rigar da Ba a Karɓa Ba

Ranar Talata ya kawo ta da kansa,
shadda ruwan ƙasa, aikin hannu a wuya.
Ya ce, "Ɗanladi, kar ka cika mata sitaci,
ran Asabar zan sa, zan yi magana a Gwammaja
kan filin makarantar nan da ake yankawa shaguna."
Na ce to.
Ya bar mini canjin ɗari biyu, ya ce in sha ruwa.

Na wanke, na shanya, na kai wa masu bugu,
ta dawo tana sheƙi kamar bayan tarwaɗa.

Juma'a, bayan la'asar,
ina hura gawayi a dutsen guga
na ji ƙara uku, ta huɗu ta ɗan makara.
Na ce tayar tirela ce a titin Katsina.
Tantabarun maƙwabcina sun riga ni sanin gaskiya,
sun tashi, ba su sauka ba sai magariba.

Mutum biyu ne, aka ce, kan babur marar lamba.
Ba su yi sallama ba, ba su tambayi hanya ba.

Da dare rediyo ya ce an harbe kansila Ilu Na'iya
"tare da wasu mutum biyu."
Wasu!
Ɗaya Tanko ne direba, ina bin sa kuɗin kala huɗu,
na yafe.
Ɗayar Azumi ce mai awara a bakin kwalbati,
wadda ko katin zaɓe ba ta taɓa yanka ba.
Mai na ta tafasa a kaskonta
bayan ita ta daina motsi.

Wa ya aiko su?
Wani ya ce mutanen daji ne.
Wani ya ce a'a, a duba waɗanda suka fi kowa kuka a maƙabarta.
Na ukun ya buɗe baki, ya waiga, ya ce shayinsa ya huce.

Na ga shekarun da bam ke tashi a tasha,
shi ba ya tambayar sunan kowa.
Wannan kuwa ya san suna, ya san mota, ya san lokacin salla.
Amma da na kwanta, tsoron da ya hau ƙirjina
shi ne dai na wancan lokaci,
ko riga bai canza ba.
Uwarsu ɗaya, ko da uba ya bambanta.

Harsashi huɗu, gawa uku,
amma unguwa guda aka ɗinke wa baki.
Ba Ilu aka aika wa saƙon ba,
matacce ba ya karatu.
Shi takarda ce kawai. Mu aka rubuto wa.

Gemun ɗan'uwa ya kama wuta,
kowa ya shafa wa nasa ruwa,
muka yi ta shafawa har harsuna suka jiƙe.
Majalisar gindin darbejiya ta koma hirar ƙwallo.
Yaran da suka manna hotonsa da koko
su suka bi dare suna kankarewa da cokali.
Malam Sabi'u, da ya ce zai tsaya takara,
ya ce likita ya hana shi hayaniya.

Jiya na wuce ta filin makarantar.
An sauke bulo, tifa biyu ta yashi,
yara na tsallake su zuwa aji.

Rigar tana nan a saman kanta, cikin leda,
tsakanin zanin gadon wani otal da kayan wani ango.
Gidansa ba nisa, lungu uku ne.
Matarsa ta kusa fita takaba.
Ba nauyi gare ta ba, rigar,
idon mutane ne ke da nauyi:
wa zai ga na shiga, wa zai gaya wa wa?

Gobe Asabar.
Zan cire ta daga leda, in ɗora a hannu,
in bi ta bakin titi da rana tsaka,
in yi sallama da ƙarfi, kowa ya ji.

Haka na ce wancan makon ma.