Malmala Goma Sha Ɗaya

Kafin a kira azahar a Harami
Hansatu ta sauke tukunya.
Malmala goma sha ɗaya. Ba ta ƙirgawa da baki,
hannunta ne ya haddace.
Ni nawa ɗauka ne:
kula biyar a dama, shida a hagu.
Babur yakan tsaya a gindin dutse, nan ƙarfinsa ya ƙare,
sauran tafiyar ta gwiwata ce,
matakala ɗari da arba'in da uku
daga Shara Mansur zuwa inda tsofaffinmu suka maƙale
kamar sheƙar tsattsewa a jikin gini.

Ƙofar farko ta Inna Yalwa ce.
A goye ta zo ƙasar nan,
ta haye ruwa a Sawakin tana barci a bayan uwarta.
Ba ta buɗe kula sai ta ɗora tafi a kan murfi.
"Da ɗuminsa," in ji ta, "ashe ba a manta da ni ba."
Haƙori uku suka rage mata, ta ce sun isa:
ɗaya na tuwo, ɗaya na goro, ɗaya na dariya.

Malam Ukasha, likita ya raba shi da gishiri,
amma akwai ƙulli a ƙarƙashin matashinsa.
Na gani. Ya ga na gani.
Mun bar maganar a hannun Allah.

Gwaggo Tabawa kullum tambayarta guda:
"Damina ta sauka a Gumel?"
Ni da aka yanke wa cibi a Jarwal,
ban san ko ta ina ake shiga Gumel ba.
Nakan ce ta sauka, gero har ya fid da kai.
Sai ta yi hamdala, ta kai loma.

Can ƙarshen hawa, inda numfashi ke yankewa,
ɗakin Baba Mati.
Shekara talatin yana ɗaukar gajiyayyun alhazai a kafaɗa
yana kewaya Ɗaki da su,
yau ƙafarsa ba ta kai shi bakin ƙofa.
Ta tagarsa ana hango babban agogo,
shi kuwa ya ce takuna ne agogonsa.
Ba ya ci sai na zauna.
"Tuwon da aka ci ba ido a kai," in ji shi,
"ba abinci ba ne, magani ne."
Nakan zauna a bakin katifa, zufa na bin keyata,
ya gutsura, ya ba ni labarin wani Baturke mai nauyin buhu biyu
da ya yi ta kuka a kafaɗarsa tun daga Safa har Marwa.
Sau nawa na ji? Ban taɓa cewa na ji ba.

Ran Talata na tarar da kwaɗo a ƙofar.
Yaron maƙwabta, ɗan Barma, ya leƙo da burodi a hannu,
ya ce tun asuba aka sallace shi.
Na tsaya. Kular tana ƙona mini cinya.
Ƙasa motoci na ta gudu kamar ba a yi komai ba.

Na zauna a matakala ta ƙarshe na buɗe.
Miyar kuka ce, ta ji daddawar da wata hajiya ta kawo tsaraba.
Na kira yaron, na ce zauna,
kada in ci ba ido a kai.

Washegari na shiga madafa.
Hansatu ta ji labari, idonta ya nuna.
Na ƙirga kuloli a kan tabarma.
Goma sha ɗaya.
Ta dubi hannunta kamar na wata,
ta ce, "Ɗauki dai.
Dutsen nan ba ya rasa mai jin yunwa."