Ɗan'uwan Gamba

A ambulan ya iso Shika,
iri marar nauyi, mai gashi kamar kaɗa,
wanda atishawa ɗaya za ta raba ka da shi.
Dakta Lantana ta duba takarda ta ce,
"Barau, ɗan'uwan gamba ne, daga ƙetaren teku."
Na yi dariya.
Gambar da ke haɗiye bijimi har ƙaho,
ita ce da dangi a ambulan?

Muka ba shi kunya uku a kan tudu,
kafaɗa da kafaɗa da 'yar gida.
Ruwan fari ya sauka,
gamba ta yi toho daga tsohon tushe, ba ta nemi iznin kowa ba.
Baƙo ya leƙo, siriri, kore mai ratsin shuɗi,
ya tsaya iya idon sawu
kamar yaron da aka kai makarantar kwana.
Sama ta ɗauke kwana goma sha biyu,
bakin ganyensa ya nannaɗe.
Dakta ta auna, ta ja layi a littafi.
Na san layin nan.
Shi ake ja wa abin da za a nome.

Ni ɗan Yawuri ne.
Shekara talatin ina shan ruwan famfon Zariya,
amma na san fuskar mai kewar kogi.

Da aka tashi aiki na ɗauko magirbi,
na ciro dunƙule uku da ƙasarsu,
na ɗaure a bayan keke,
na gangara ƙasan madatsa, inda ruwa ke tsattsafowa,
inda laka ke ƙwace wa mutum takalmi,
jema na tsaye, babu inuwar ko da kalgo.
Nan na ajiye shi: ƙafa a ruwa, kai a rana.

Kafin marka ta wuce ya kai mini ƙirji.
Ba ya yaɗo kamar tofa,
mai bin ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gonar maƙwabci.
Shi zaman gandu yake yi,
'ya'ya na tsirowa a jikin uwa,
gindin kowane kara a daddanne
kamar an bi ta kansa da dutsen guga.
Da kaka ta yi sai ya tara furensa can sama,
cunkus, fari, buzu-buzu,
gemun dattijon da ya yi faɗa da wanzami.
Da rani jikinsa ya koma jan ƙarfe,
har masu zuwa kamun kifi ke tsayawa kallo.

Shanun Arɗo Buba suka sansana, suka wuce.
Jatau mai saƙar zana ya gwada tsawonsa da hannu,
ya ce ko shingen kaji ba zai yi ba.
To, na ji.
Amma gaɓar da ke zaftarewa duk damina ta daina,
saiwarsa ta ɗinke ta,
kuma gwara ta san inda take karin kumallo.

Ranar da Dakta ta gano, ba ta yi faɗa ba.
Ta tsuguna, ta hura kai ɗaya,
muka bi gashin da ido har ya haye ruwa.
Ta ce, "Ka gani?
Baƙo mai fiffike ne. Kada ya gaje gidan."

Tun daga nan duk shekara
nakan riga iska zuwa da lauje,
in yanke kawunan, in cusa a buhu, in ɗaure baki.
Tushen kuwa in bar shi. Ya san hanyar dawowa.

Watan gobe zan ajiye aiki.
Na nuna wa Ɗanjuma wurin, da ranar yanka,
na ce ya bar takalminsa a kan tudu.