Abin da Soso Ba Ya Ci

A Sina'iyya ta Jidda, bayan la'asar,
iskar Bahar Maliya na shigowa da gishirinta,
ina tsaye da inji a hannu,
sosona uku rataye a ƙusa:
na gashin tunkiya, mai haƙori,
rawaya mai ɗan tauri,
sai baƙin, taushinsa kamar tafin jinjiri.

Baba Jafaru ne ya koya mini.
Ya ce: Sagiru, kashe fitilun sama, kunna tocila,
baƙar mota ba ta iya ƙarya gaban haske ɗaya.
Na haska bonet, sai ga su,
zobe cikin zobe, saƙar gizo,
sawun duk yaron da ya taɓa wanke ta
da tsumma mai yashi
a kan riyal goma.

Ya ce: Kada ka ɗauka cike karce muke yi.
Ramin na nan inda yake.
Fentin gefensa muke ci
har tudu ya sauko ya tarar da kwari.
Duk sheƙin da ka gani
da fatar mota aka biya,
fatar kuwa ba ta kai ɓawon albasa ba.
Ka daɗe wuri ɗaya, ka ƙona.
Ka bi karce da farce tukuna,
in farce ya tsaya, kai ma tsaya.

Ran Alhamis wani Mish'al ya kawo Kafris,
tsohuwa, baƙa, mai faɗin kwankwaso.
Ta mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa.
Asabar za ta Haraj a yi mata kuɗi.
Ya ce, so yake mai saye ya ga haƙoransa a jikinta.

Ɗigo huɗu na man goge a kan gashin tunkiya.
Inji ya ɗauki kuka,
girgizarsa ta hau mini har kafaɗa.
Hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa,
taki ɗaya, sannan taki ɗaya,
zufa na ɗiga daga haɓata, ina kare fenti da gwiwar hannu.
Rawaya ya share sawun tunkiya,
baƙi ya share sawun rawaya,
kowa na gyara ɓarnar na gabansa.
Kafin isha'i rufin gareji ya sauko cikin bonet,
har da fankar da ta mutu tun bara.

Saura ƙofar baya.
Na durƙusa, can ƙasa, daidai gwiwata,
farce ya tsaya.
Na matso da tocila.
Ba sawun makullin maƙiyi ba ne,
ba na kwandon kanti ba.
Mim ce, kanta ya karkace,
da shin mai haƙora huɗu maimakon uku,
sai dogon layi da ya zarce,
kamar an fizge hannun daga baya.

Na kira shi, ya zo yana waya.
Na ce: Wannan ya wuce soso, sai mai fenti,
gobe da safe zai shafe ta, ba wanda zai sani.
Ya sunkuya.
Muryar cikin wayar na ta sallama, bai amsa ba.
Ya ce shekararsa biyar, da ƙusa,
ranar da aka kawo ta sabuwa.
Ya ce ya sha duka.
Ya yi dariya, dariyar ta maƙale.
Ya ce tsoho ya yi fentin ƙofar gaba sau biyu.

Nawa za ta rage a Haraj? ya tambaya.
Na ce: Ɗari biyar, ko sama.
Ya miƙe, ya kakkaɓe farar rigarsa.
Ya ce: Goge gefenta. Kada ka taɓa ta.

Na manna tef a kan haruffan biyu,
na kewaye su da baƙin soso a hankali,
yadda ake aske gefen tabo.

Da ya tafi na wanke sosona a bokiti,
ruwan ya yi toka da fatar Kafris.
Na matse su, na mayar kan ƙusa,
na sayi tamis biyu, na nufi Karantina.