Kunnen Hagu

A Rumde Ajiya, bayan la'asar,
na shiga falon Baba Jingi da jakar aiki a kafaɗa.
Ɗansa ne ya aiko kaya daga Duwala:
lasifika biyar, da wata baƙar ƙatuwa mai gurnani
wadda jikoki tuni suka raɗa wa suna Dorina.

Na aro tef ɗin tela a maƙwabta.
Daga kujera zuwa ta gaba, mita uku da taƙi guda.
Ta baya ta dama, labule na shanye mata murya,
ta hagu kuwa bango na maido mata da magana biyu.
Na ɗaga, na karkata,
na cusa kwalin sukari a ƙarƙashin ɗaya,
na janye Dorina daga lungu,
don a can tana sa tasoshin kabad rawar sanyi.

Sai na saki shuuu,
ƙarar nan mai kama da Binuwai a watan Agusta
idan ta matsu a ƙarƙashin gada.
Ta bi ɗaki akwati-akwati.
Waya a hannuna, daidai inda kan mutum zai tsaya:
saba'in da bakwai, na rage biyu,
saba'in da uku, na ƙara,
har duka suka tsaya kan lamba ɗaya
kamar mudu biyar da aka share wa baki da tafin hannu.

Na ce, Baba, zauna ka ji.
Ya zauna, ya lumshe ido, ya daɗe.
Ya ce, Yaro, hagu a mace take.
Na miƙa masa lambar. Ko kallo ba ta ishe shi ba.
Ya ce, Wayar taka ta taɓa jan tirela?
Shekara talatin da ɗaya, siminti daga Figil zuwa Kusuri,
gilashi a sauke, iska na marin wannan kunne.
Waza ta ci rabi, Dabanga ta lashe saura.
Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta,
sai da ta koyi zama ta damana.

Na ƙara uku. Ya kaɗa kai.
Biyar.
Takwas, yatsana na jin kunyar sana'a.
Astajam ta shigo da shayi, ta toshe kunne da kafaɗa:
Kai, wannan gefen ai sai ya fasa wa mutum kai!
Ma'auni bai yi ƙarya ba.
Tsohon ma bai yi ba.

Na sa faifan gwaji.
Wata babbar mota ta taso daga baya, ta hagu,
ta bi jikin bango tana nishi.
Baba ya waiwaya.
Hannunsa ya tafi neman madubin da babu.
Ya ce, Ku ba shi hanya, ya yi lodi,
kuma giyarsa ta huɗu ta fara cin haƙori.
Shayi ya huce a gabansa.
Sau shida na maido masa motar nan.

A bayan kwali na rubuta lambobi layi biyu,
na gida, da na Baba,
na manna a gindin rimot da salatif.
Ya ba ni jaka biyar, ya ƙara da ɗari biyar na mai.

A hanya na tsai da babur kusa da gada.
Ni ma shekarata sha huɗu a gindin akwatunan biki.
Na kyasta yatsa a kunnen dama.
Na kyasta a na hagu.
Na sake.
Ɗayan ya amsa kamar daga tsallaken ruwa.